Tsumma da Kwalta a Jirgin Doktor Magdi

Wanda aka ce zai tarbe ni a filin jirgin Alƙahira bai zo ba. Na zauna a kan jakata tun hantsi har la'asar ina kiran lambar da dillalin ya rubuta mini, wata mata tana amsawa da Larabci. Sai daga baya na gane na'ura ce ke gaya mini lambar ba ta aiki. Masana'antar tayil da aka yi mini alkawarin aiki a cikinta, har yau ban ga ƙofarta ba. Ba zan daɗe a kan wannan ba. An cuce ni, gaskiya ne, amma cutar da ke hana ni sukuni ita ce wadda ni na yi.

Sunana Shu'aibu, mutumin Yauri. Mahaifina masunci ne, yana kuma gyaran kwale-kwale, a hannunsa na tashi. Karatuna firamare ne sai allo. Ina da yawan wasiwasi: in na kulle ƙofa sai na koma na taɓa ta, in na yi alwala sai na yi shakkar ko na shafi kai. Na faɗi wannan ne don a san ni ba mutum ba ne da abu ke wucewa bai lura ba.

Wasu ɗalibai 'yan Zariya da suka zo tarbar ɗan'uwansu su suka ji ina magana ni kaɗai da Hausa. Suka tafi da ni Hayyus Sabi', unguwar da ɗalibai suka fi zama. Su shida ne a gidan, na zama na bakwai. Ba wanda ya taɓa nuna mini na yi yawa, amma ni na san na yi. In aka ajiye burodi da wake da safe nakan jira kowa ya miƙa hannu sau biyu kafin in miƙa sau ɗaya, in kuma riga kowa tashi in wanke kwanuka. Suna ta muhawarar karatunsu da Larabci mai nauyi, ni ina gefe ina haddace sunayen tashoshin mota. Ranar da na ji maigadin bene yana yi wa babbansu ƙorafin mutane sun yi yawa a ɗaki, ban jira a yi mini magana ba.

Daga nan sai unguwar Dokki. Na sami wankin mota a wani gareji a ƙarƙashin bene, a nan nake kwana. Mai garejin bai taɓa kiran sunana ba, baƙi kawai yake ce mini, in ya so raha ya ƙara da cewa in yi murmushi don ya gan ni a cikin duhun wurin. A can takardar zamana ta ƙare. Tun daga ranar, in na hango ɗan sanda sai ƙafata ta sauya hanya da kanta. Abin da ya riƙe ni shi ne kogi. Ranar hutu nakan hau gada in tsaya ina kallon Nilu. Ƙamshinsa bai kai na ruwanmu ba, amma in na rufe ido, iska ta taso, nakan ji kamar mahaifina zai kira ni in miƙo masa guduma.

Wata rana ina tsaye a can na ga wani a cikin jirgi yana jefa birgi, ragar tana faɗawa a dunƙule. Ban san na yi magana a fili ba, na ce ai ba haka ake jefa ta ba. Sai na ji an ce a gefena:

"To sauka ka koya masa mana, sarkin ruwa."

Wani tsoho ne dogo, da farar jallabiya da leda cike da tumatir. Shi ne Baba Idrisu. Kakanninsa sun baro ƙasar Hausa za su Makka, suka zauna a bakin kogi a Sudan, ba su ƙarasa ba, ba su komo ba. Yaƙi ne ya koro shi Masar shi da 'yarsa Amna. Hausarsa irin ta tsofaffinmu ce, sai dai Larabci ya shiga ta ko'ina. Ya tambaye ni ɗan wane ne ni, me na iya. Da ya ji na iya gyaran jirgi, ya dubi hannuwana da sabulun mota ya cinye, ya ce in ɗauko jakata.

Gidansu a unguwar Hada'iƙul Ma'adi yake, hawa na biyar, ɗaki ɗaya da falo. Amna ta ɗauki ɗakin, ni da Baba muna falo. Ranar farko ta yi tuwo da miyar busasshiyar kuɓewa. Na kai loma ta biyu na tuna gida, hawaye suka zubo mini. Baba ya yi kamar bai gani ba, ya ce wa Amna ta rage barkono, baƙonsu ɗan gata ne.

Baba yana aiki a wani wurin hayar jirage a bakin kogi, na wani da ake kira Kaftin Wa'il. Shi ya tsaya mini har Kaftin ya ɗauke ni ba tare da ya nemi takarda ba. Jiragen ba irin namu ba ne. Kayak ake ce musu, na roba ne, na mutum ɗaya, a samansa ake zama, a tuƙa da filafili mai baki biyu. Cikinsa fanko ne a rufe kamar gora, iskar da ke ciki ita ke riƙe shi a kan ruwa. A gindinsa akwai wani ɗan marfi mai zare. Da yamma a buɗe shi, ɗan ruwan da ya shiga ya tsiyaye. Da safe a ɗaure shi kafin jirgi ya shiga kogi. Wannan ɗaurin aikin Baba ne, shi da riƙon makullai. Ni nawa ɗauka da wanki da faci.

A cikin masu ajiye jirginsu a wurin akwai Doktor Magdi, likitan haƙori da ya yi ritaya, mutum mai jiki da son dariya. Sauran suna zuwa motsa jiki, shi kifi yake so. Yana fita da sandar fatsa a tsakanin cinyoyinsa, in ya kama filafili sanda ta zame, in ya kama sanda filafili ya tafi. Sau biyu ina bin filafilinsa da iyo. Na ga abin ya isa, na ɗaure masa shi da tsohuwar wayar tarho mai lanƙwasa. Ya ji daɗi ƙwarai. Bayan haka na samo kiret ɗin lemo na ɗaure a bayan kujera da robar cikin taya, ya zama wurin ƙugiyoyi da tsutsa da kwalbar shayi. Na ɗinka masa jakar raga da ke rataye a ruwa don kifin ya zauna da rai. Ranar da ya kamo karfasa huɗu ya ba ni biyu, ya riƙa kirana Muhandis, wato injiniya. Ba zan ɓoye ba, sunan ya shige ni. Tun zuwana ba wani ɗan ƙasar da ya kira ni da abin da ya fi baƙi.

Sai ya zo da hoto a wayarsa: jirgin wani Bature mai ramuka biyu a bayan kujera, sandunan fatsa a tsaye a ciki. Ya ce zan iya? Na ce zan iya. Na yanko fayif na ruwa guda biyu, na gasa gindinsu a wuta na matse su suka toshe. Na ari injin huda na Kaftin na fasa jikin jirgin wuri biyu, na zura su. Saura a toshe tsagar da ke tsakanin fayif da jikin jirgi. Doktor ya kawo mini wani farin gam a cikin kwanso, ya ce da shi ake yi. Na matsa kaɗan a yatsa na ga kamar man goge baki. Na ce masa wannan ai na wurin aikinsa ne, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in yi yadda na sani.

Yadda na sani shi ne yadda mahaifina yake yi. A yayyaga tsumma, a cusa shi a tsaga da bakin ƙarfe, a narka kwalta a bi kai. Haka na yi, a tsanake. Na zuba ruwa sau uku na gwada, ko ɗigo bai shiga ba. Abin da ban tsaya na yi tunani ba shi ne, a jirginmu ba tsumman ne kaɗai ke aikin ba. Katako in ya sha ruwa kumbura yake, ya matse tsumman da kansa. Roba ba ta shan ruwa. Kuma lokacin sanyi na yi aikin. Da zafin Alƙahira ya shigo, jirgin yana kwance a rana, kwaltar ta yi laushi ta saki robar ta ƙasa, sama kuwa tana nan baƙa lafiya lau.

Wata Alhamis da hantsi muka ji ihu daga tsakiyar kogi. Doktor ya fi awa biyu da fita kamun kifi. Nauyinsa da na kiret sun sa bayan jirgin ya yi ƙasa, duk jirgin inji da ya wuce igiyar ruwansa takan wanke wurin. Cikin ya cika a hankali bai sani ba, ya juya zai ɗauki tsutsa, jirgin ya kife. Rigar ruwa ce ta riƙe shi. Wani masunci da matarsa suka tsamo shi, suka jawo kayak ɗin a baya.

Baba ya tallafe Doktor ya kai shi inuwa yana amayar da ruwa. Ni na kama jirgin zan ja shi tudu, ya ƙi motsi don nauyi. Na tsuguna na kama marfin gindin. A ɗaure yake tam, sai da na sa bakin riga, har ya goge mini fatar yatsa kafin ya juya. Ruwa ya yi ta bulbulowa. Na bar shi haka na ruga ɗauko bargo.

Ina dawowa na tarar Kaftin ya iso, yana tsaye a kan jirgin, marfin yana lilo a jikin zarensa. Ya kira Baba ya nuna masa. Ya ce ɗan Doktor yana hanya, yana maganar 'yan sanda, kuma in suka zo takardun kowa za su duba. Sannan ya tambayi Baba ko ya ɗaure marfin da safe. Baba ya dubi marfin, ya dubi hannunsa, ya ce yana tsammanin ya ɗaure. Kaftin ya ce tsammani ne ya kusa kashe mutum. Baba ya juyo gare ni, ya yi mini Hausa a hankali.

"Ɗana, ka ga na rufe shi da safe?"

Yatsana yana zafi a cikin bargon. Na san in marfin a rufe yake, to ruwan ta wani wuri ya shiga, kuma mutum ɗaya ne ya taɓa huda jirgin nan. Na ce, "Ban lura ba, Baba."

Da safen ban lura ba, wannan gaskiya ne. Na zaɓo gaskiyar da za ta yi mini aikin ƙarya, na miƙa wa mutumin da nake kwana a falonsa.

'Yan sanda ba su zo ba. Doktor ya hana ɗansa, da sharaɗin a sallami mai laifi. Kaftin ya karɓi makullai a hannun Baba a gaban kowa. Washegari ya miƙo mini su, ya ce ni dai ya lura ba na barin abu sai na duba shi sau uku.

A ranar, da wurin ya yi shiru, na ɗebo bokiti na zuba a bayan jirgin Doktor. Ina kallo ruwan ya zagaye fayif ɗin ya ɓace. Na danna kwaltar da yatsa ta ɗago kamar ɓawon ƙurji. Abin da na yi bayan haka ya fi na farko muni, don wannan da natsuwa na yi shi. Na kankare kwaltar tas, na zare tsumman na jefa a kogi, na yanka robar taya na yi zobe, na sa farin gam ɗin Doktor da ke nan a cikin akwatina, na ɗaure da noti. Aikin ya yi kyau. Har yau bai ɗiga ba. Na gaya wa kaina gyara nake don kada wani ya sake nutsewa.

A gida na zaci fushi zan tarar, ko baƙin cikin rasa aiki. Ba su na tarar ba. Baba ya yarda cewa mantawa ya yi. Ya gaya mini mahaifinsa da haka ya fara, da ƙananan abubuwa, har ya kai yana fita ya kasa gane hanyar gida, yana tambayar 'ya'yansa su wane ne su. Ya ce ya daɗe yana jiran ranar, ga ta ta zo, Allah ya sa ba da ran mutum ta zo ba. Ya fara ɗaura zare a yatsa don ya tuna abu, sai ya zauna yana kallon zaren yana tsoron ya manta dalilinsa. In ya ajiye tabarau ya neme shi minti ɗaya, sai in ga Amna ta juya fuska. Ta daina aikensa kasuwa. Ta ɗauke ashana daga inda yake gani. Akwai ɗan masallaci a ƙasan benen inda yake jan mutanen Sudan salla. Ya ce musu su nemi wani, ba zai ɗauki sallar jama'a a kan kai mai yoyo ba. Daga baya ma ya daina sauka.

Ni kuwa ina dawowa da yamma da makullansa a aljihuna, Amna ta ajiye mini tuwo, Baba ya tambaye ni ko na duba marafan duka. Kullum a cikin jirgin ƙasa nakan shirya maganar, in jera ta tun daga farko. In na hau bene, kafin hawa na biyar ta watse. Nakan ce gobe. Nakan ce in na faɗa za a kore ni, gidan ya rasa mai kawo cefane gaba ɗaya, ashe shiruna taimako ne. Na iya irin wannan lissafin sosai. Kwana goma sha ɗaya ina yinsa.

Ranar Litinin wurin aiki a rufe yake, ina gida. La'asar ta yi, muka shimfiɗa tabarma a falo, na tsaya a damansa kamar kullum. Sai ya kama kafaɗata ya tura ni gaba. Na ce haba Baba, ni da ko izu biyar ban cika ba. Ya ce ba karatu ake nema ba yanzu, wanda hankalinsa ke jikinsa ake nema, jiya shi kaɗai ya rasa ko uku ya yi ko huɗu.

Na tsaya a gaba. Na ɗaga hannu zan yi kabbara, ina jin numfashinsa a bayana yana jira ya bi ni. Hannun ya ƙi kaiwa kunne. Na sauke, na juyo, na durƙusa.

"Baba, ka rufe marfin. Ni na buɗe shi bayan an fito da jirgin. Ruwan ta ramukan da na huda ya shiga."

Na faɗi sauran, har tsumman da na jefa a kogi. Amna ta fito ta tsaya a ƙofar kicin da muciya a hannu. Da na gama, abin da ya tambaya shi ne:

"Da ƙarfi na ɗaure shi?"

"Sai da na sa riga, Baba."

Ya ce in nuna masa yatsan. Wurin ya warke, saura ɗan tabo. Ya riƙe shi ya daɗe yana dubawa. Amna ce ta yi magana, ba ta ɗaga murya ba.

"Kana cin tuwona, kana kallonsa yana ɗaura zare."

Baba ya saki hannuna, ya warware zaren da ke yatsansa ya ajiye a kan taga, ya ce lokaci yana wucewa. Ya shiga gaba. Raka'a huɗu ya yi cif, na ƙirga.

Washegari muka tafi wurin Kaftin tare, na maimaita komai da guntun Larabcina, Baba yana cike mini inda na kasa. Kaftin ya saurara yana juya cokali a shayi. Ya ce ma'alish, wato ba komai, abin ya wuce. Ya riga ya gaya wa iyalin Doktor ya kori mai laifi, ba zai koma ya ce musu mai laifin yana nan yana riƙe da makullai ba, kuma kada in kuskura in nemi Doktor da wannan magana. Game da Baba, ya ce dama shekaru sun ja, ɗaukar jirage ya fi ƙarfinsa. Na ciro makullan na ajiye a kan tebur na fita, ina jin a karo na farko na yi abin kirki.

A bakin titi Baba ya tsayar da ni. Ya tambaye ni wa na yi wa wannan, shi ko kaina. Ya ce in na bar aikin, zuciyata ce za ta yi sanyi, shi ba abin da zai dawo masa, kuma Kaftin zai ɗauko wanda bai san ruwa ba ya ba shi rayukan mutane. Ya ce in koma in ɗauki makullan. Na koma na ɗauka. Kaftin bai ko ɗago kai ba.

Amna ta ce ba za ta iya ci gaba da zuba mini abinci ba, ban ga laifinta ba. Na koma kwana a rumfar jirage, a nan nake har yanzu. Doktor bai sake shiga kogi ba. An ce ƙirjinsa bai koma daidai ba tun ranar. Shi har yau a saninsa Baba ne mai laifin, wannan ma yana kaina.

Ranar da na zo ɗaukar jakata Baba ya rako ni har bakin bene. Na durƙusa na roƙi gafara. Ya ce maganar aiki ya yafe, dama ba gadonsa ba ne.

"Amma kwana goma sha ɗayan nan, ɗana, na yi bankwana da kaina a cikinsu, kana zaune kana gani. Wannan ka ba ni lokaci. In na shirya zan aiko maka."

Ya koma jan salla a masallacin ƙasa. Duk Litinin nakan hau jirgin ƙasa in je in bi shi la'asar, in bar cefane a wurin mai shagon ƙofa don Amna ba ta karɓa daga hannuna. In an sallame yakan miƙo mini hannu kamar kowa, ya tambaye ni ruwa ya ƙaru ko ya ragu, in gaya masa. Watanni bakwai ke nan. Bai aiko ba tukuna.